Neman shawara: dogon sanwicin Italiyawa, amma na halal

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon abinci a Bronx, nan birnin New York, kuma masu saye na yawan tambayar dogon sanwicin nan na shagunan Italiyawa, wanda ake ce wa hero ko sub. Ina so in fara yin na halal, wanda za a saya a tafi da shi. Abu biyu ya tsaya mini: wane nama zan sa a madadin nasu, kuma me ya sa burodin ke jiƙewa kafin a kai shi gida? Masu sani ku taimaka, Allah ya saka.

Amsar wani dattijo mai sana'ar nama:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da sanin abin da ke ciki. Salami na Genoa, capicola, mortadella da prosciutto, asalinsu duk naman alade ne. Bresaola ce ta naman shanu, busasshen nama daga arewacin Italiya, amma kasancewarta ta shanu bai mai da ita yankan Musulmi ba, sai ka ga shaidar halal a jikin leda. Daɗin sanwicin nan daga haɗuwar nama uku yake fitowa: mai gishiri da tsami, mai yaji, da mai taushi. To ka nemi salamin naman shanu na halal, da pepperoni na shanu, wato salami mai yaji, da ƙirjin talo-talo. A burodi mai inci 12, nama giram 140 zuwa 170 ya isa, da yankan cukun provolone uku ko huɗu.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne injin yanka. Kada ka sayi naman halal ka kai inda ake yanka alade da inji ɗaya. Ka mallaki naka. Ka yanka siriri, kamar milimita 1, ka ninke kowane yanki maimakon ka shimfiɗa shi. Mai kauri in an ciza sai ya zaro gaba ɗaya daga cikin burodin.

Amsar wata Hajiya daga Filadelfiya:
Ƙanena, a nan hoagie muke ce masa, kuma jiƙewar nan ruwan kayan lambu ne, ba laifin burodi kaɗai ba. Tumatir ne babban mai laifi. Ka yanka shi, ka barbaɗa gishiri kaɗan, ka jera a kan takardar kicin minti 10, za ka ga ruwan da zai tsatso. Latas ɗin iceberg ka yanka shi sirara, ka tsane shi har sai ka damƙa hannunka bai jiƙe ba. Albasa ka jiƙa a ruwan sanyi minti 10 don zafinta ya ragu, sannan ita ma ka tsane.

Sai tsarin jerawa. Kada ka raba burodin gida biyu, ka bar gefe ɗaya a haɗe kamar littafi. In cikinsa ya yi yawa ka ƙwaƙule kaɗan daga sama. Cuku ne zai fara hawa burodin, shi ne katangar da ke tare ruwa, sai nama, sai tumatir da albasa, latas a ƙarshe. Man zaitun kashi 3, ruwan khal kashi 1, da busasshen ganyen ƙamshi na oregano, a zuba su kan latas, ba kan burodi ba. In odar za ta yi tafiya mai nisa, ka ba da man a ɗan ƙoƙo daban. Ka naɗe da takarda tamau, sannan ka yanka biyu yana cikin takardar. Leda ba ta dace ba, gumi take sa shi, ɓawon ya mutu.

Amsar wani mai gidan burodi:
Malam, ka tambayi wanda ke kawo maka burodi ko yana sa kitsen alade, domin wasu burodin Italiyawa ana yin su da shi. Ka nemi mai ɓawo mai ɗan ƙarfi, na ranar. Cuku ma ka duba, provolone na gargajiya da sinadarin cikin ɗan maraƙi ko ɗan akuya ake daskarar da shi. Akwai wanda aka yi da sinadarin da ba na dabba ba, an rubuta a jiki.

Amsar wata mai aikin duba tsaftar abinci:
Yaya, kada ka manta da sanyi. Nama, cuku, yankakken tumatir da latas duk su zauna a digiri 41 na Fahrenheit ko ƙasa, wato 5 a ma'aunin Celsius. Naman da aka buɗe ka rubuta masa rana, kada ya wuce kwana 7. Injin yanka kuma, in ana aiki da shi, duk bayan awa 4 a kwance shi a wanke, har bayan wuƙar inda ɓurɓushin nama ke maƙalewa. Ƙwayar cutar listeria tana yaɗuwa ko a cikin firiji, kuma ta fi illa ga masu juna biyu da tsofaffi. Kafin ka fara, ka tabbatar lasisinka ya ƙunshi haɗa abinci a shagon.