Ana Girme wa Wasan Bulon LEGO Kuwa? Abin da Aka Ce

Assalamu alaikum. Tambayar da wata uwa daga Ƙofar Ƙaura ta yi, ko ɗanta mai shekara 14 ya wuce wasa da bulon LEGO (ƙananan bulon roba da ake harhaɗawa a gina abubuwa), ta ja zance sosai. Ga abin da na tsinta:

1. Mafi yawa sun ce ba a girme masa, salon wasan ne ke canzawa. Ƙaramin yaro jera bulo kawai yake yi, babba kuwa yakan bi zane ko ya ƙirƙiro nasa. An tuna mana cewa wasu kwalaye an rubuta musu shekara 4 zuwa 99, wasu kuma 18+, wato shekara 18 zuwa sama. Wani uba ya ce shi da ɗansa sun yi kwana uku suna gina hasumiyar Gobarau, bulo ruwan ƙasa ya ƙare, suka cike da ja. Wannan ya taɓa ni ƙwarai.

2. Dattawa sun kwatanta shi da motar kara da muka ƙera muna yara.

3. Inda aka rabu: wasu na ganin magidanci da kayan wasa abin kunya ne, ga tsada, tunda kamfanin na ƙasar Danmak ne. Wasu suka ce gara wannan da kwana kan waya. Ni ina tare da na biyun, muddin bai taɓa salla da karatu ba.

4. Kowa ya yarda a nisanta ƙananan bulon daga 'yan ƙasa da shekara 3, kada su haɗiye. In an gaji, a wanke a ajiye wa ƙanne. Bulon da aka yi tun 1958 har yau yana shiga cikin sabo.