Neman shawara: rigimar Leno da Letterman zan ɗauka, ko ta Conan?

Mai tambaya (ɗalibar aikin jarida):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu ya ba ni aikin jawabi na minti 10 a kan yadda gidajen talabijin na Amurka ke kokawa a kan masu gabatar da shirin hira da barkwanci na dare. Abu biyu na samu: yadda NBC ta ba Jay Leno shirin The Tonight Show a 1992 ta tsallake David Letterman, da rigimar Leno da Conan O'Brien ta 2010. Lokacin ba zai ishi duka biyun ba. Wanne zan riƙe? Kuma don Allah me ya sa ake zuba miliyoyin daloli a shirin da ake nunawa mutane na barci?

Tsohon ma'aikacin talabijin:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe. Shirin yana da arha idan aka kwatanta da wasan kwaikwayo: tebur ɗaya, 'yan kiɗa, sai baƙi waɗanda su ma neman zuwa suke yi don tallata sabon fim. Ga shi kusan kullum ake yi, masu talla kuma suna son 'yan shekara 18 zuwa 49 da ke kallo. Johnny Carson ya shekara 30 a kan kujerar mai gabatar da The Tonight Show, daga 1962 zuwa 1992, yana tara wa NBC kuɗi.

Ni dai 2010 zan ce ki ɗauka, don a nan ne ake ganin masu iko na gaskiya. Tun 2004 NBC ta yi wa Conan alkawarin kujerar a 2009. Da lokaci ya yi, Leno ne ke kan gaba a yawan masu kallo, suka ji tsoron kada ya koma wani gidan, sai suka ƙirƙira masa shiri da ƙarfe 10 na dare. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Shirin bai ja mutane ba, ƙananan tashoshin garuruwa da ke ɗaukar shirye-shiryen NBC suka ga labaransu na ƙarfe 11 sun rasa masu kallo, alhali daga tallan labaran nan suke samun kuɗi mai tsoka. Su suka tada ƙayar baya. NBC ta ce to Leno ya dawo 11:35, lokacin da ake nuna The Tonight Show da Conan ya riga ya karɓa, a tura Conan 12:05. Conan ya ce bai yarda ba, ya yi shirinsa na ƙarshe ran 22 ga Janairu 2010, aka sallame shi da ma'aikatansa da kusan dala miliyan 45, daga baya ya koma TBS.

Wata 'yar uwa:
Malam, a gafarce ni, ina da ja. Ita fa gasa tsakanin gidaje aka ce ta yi bayani, rigimar 2010 kuwa ta cikin gida ce. A 1993 ne CBS ta ɗauke Letterman a kan kimanin dala miliyan 14 a shekara, ta ajiye shi daidai lokacin Leno. Kusan shekara biyu Letterman na gaba, sai a Yulin 1995 Leno ya yi hira da ɗan fim Hugh Grant bayan abin kunyar da ya same shi, daga nan ya wuce gaba. Ai tsoron a sake yin irin ta Letterman ne ya sa aka yi wa Conan wancan alkawari.

Wani ɗan uwa:
Ko wanne kika ɗauka, ki ambaci waɗanda suka gwada suka sha ƙasa. Fox ta kawo Joan Rivers a 1986, abin bai ɗore ba. Ta sake kawo Chevy Chase a 1993, ko wata biyu bai yi ba aka soke shirin.

Ɗalibin ajin ƙarshe:
Malamai na son a taɓo halin da ake ciki. Yanzu yawancin matasa gutsuren shirin suke kalla a YouTube washegari, kuɗin talla a talabijin ya ragu. A Yulin 2025 CBS ta sanar cewa za ta rufe The Late Show na Stephen Colbert a Mayun 2026, ta ce dalilin kuɗi ne. Wasu suna zargin siyasa, don 'yan kwanaki kafin nan Colbert ya soki Paramount, uwar kamfanin, kan dala miliyan 16 da ta amince ta biya don sasanta ƙarar da Trump ya shigar. Ki faɗi duka biyun, kada ki yanke hukunci a gaban malami.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ba 1992 minti biyu a matsayin shimfiɗa, in zauna a kan 2010, in rufe da batun Colbert. Yaya, kin yarda da haka?

Wata 'yar uwa:
Na yarda, amma ki nuna cewa CBS, ABC da Fox na jira a bakin ƙofa ne ya sa NBC ta rikice, in ba haka ba kin bar gasar a baya. Sannan ki cire maganar mutane na barci. Wannan 11:35 agogon New York ne, a Chicago da 10:35 ake nuna shirin.