Shafa wa bayan Hilux fentin kariya da kanka: wane iri, kuma ta ina ake farawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Hilux ce mai ƙofa huɗu, ana ɗaukar buhunan taki da siminti da ita. Fentin ƙasan bodin baya ya goge, tsatsa ta fara fitowa a lunguna. Ina so in yi masa fentin nan mai kauri da gurzagurza da kaina. Wani ya ce in sayi baƙin kwaltan da ake fesa wa ƙarƙashin mota, wai duk ɗaya ne kuma ya fi araha. Haka ne? Lita nawa zai isa?

Mai fentin mota:
Wa alaikumus salam. Malam, ka rabu da kwaltan nan. Don ƙarƙashin mota aka yi shi, ba ya yin tauri. Rana ta buge shi sai ya yi laushi ya riƙa kama buhu. Abin da kake nema shi ne fentin foliyuretan mai haɗi biyu, irin Raptor na kamfanin U-POL. Kwali ɗaya kwalba 4 ne, kowace da mililita 750, ka zuba mata mililita 250 na hadna (ruwan da ke sa fentin ya yi tauri), wato kashi 3 da 1. Lita 4 ɗin za su yi wa mai ƙofa huɗu shafi biyu. Mai dogon baya na iya bukatar ƙari.

Amma fesawar ba ita ce aikin ba. Kusan duk wanda ka ga ya ɓare kamar ɓawon rogo, daga shiri aka yi kuskure. Fara kwance ƙugiyoyin ɗaure kaya da murfin cikin ƙofar baya. Ka wanke bodin da ruwa mai yawa da omo, tunda ka ce taki ake ɗauka: gishirin taki ruwa ne ke narkar da shi, tina (ruwan tsinka fenti) ba ta fitar da shi, kuma in ya kwana a ƙarƙashin fenti tsatsa za ta ci gaba da cin ƙarfen ba ka gani. Idan ya bushe, ka goge maiƙo da ruwan cire maiƙo na masu fenti kafin samfefa ta taɓa shi. In ka fara da samfefa, cikin kartar za ka tura man.

Samfefa mai lamba 80 zuwa 180. Ba sai ka cire tsohon fenti ba in yana riƙe da kyau, ƙyallinsa kawai za ka kashe. Ka haska tocila a kaikaice, duk inda ya yi sheƙi ka koma masa, musamman cikin kwaroron ƙasan bodin da bayan tudun taya inda injin samfefa ba ya shiga, nan sai da hannu. Wurin tsatsa kuwa ka ci shi da burushin waya har farin ƙarfe ya fito, ka sa masa firaima ta efoksi, wato fentin share fage mai hana tsatsa, a ranar. Ƙarfe tsirara ba ya kwana.

Mai tambaya:
Na gode, Oga. Kwamfireso ƙarami nake da shi. Zai yi?

Mai fentin mota:
In zai riƙe iska tsakanin 40 da 60 a ma'aunin PSI ba tare da ya faɗi ba, zai yi. Bindigar fesawar a bakin kwalbar ake ɗaura ta. Girgiza minti 2 bayan ka zuba hadna, ka tsaya kamar rabin mita daga bodin. Ƙarancin iska na ba da manyan ƙuraje, yawanta na ba da ƙanana. Gwada a kan kwali tukuna. Fara da bango da lunguna, ƙasan bodin a ƙarshe, don kada ka taka aikinka. Tsakanin shafi na farko da na biyu awa 1.

Makaniken bodi:
Ƙari kan bayanin Oga, yanayi. Kamfanin ya rubuta cewa haɗin fenti da hadna zai yi awa ɗaya kafin ya daskare, amma a zafin digiri 20 aka auna shi. A watan Afrilu, da zafi ke haura 40, ba za ka samu haka ba. Don haka kwalba ɗaya za ka haɗa, ka ƙarar da ita, sannan ka buɗe ta gaba. Ka yi aikin da sanyin safiya a inuwa. Idan ƙarfen ya yi zafin da ba za ka iya barin tafin hannu a kai ba, fentin zai bushe kafin ya kama.

Ruwa ma abokin gaba ne. Hadna na haɗuwa da danshi ya fitar da iska, shi ne ƙananan ramukan da ake gani kamar an caccaka allura. Ka zubar da ruwan tankin kwamfireso, ka sa matatar ruwa a kan tiyo. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar, sai a rufaffen wuri mai mafitar iska.

Kuma don Allah kar ka fesa da takunkumin kyalle. Hadnan na ɗauke da sinadarin aisosayanet mai jawo asma. Ka nemi abin rufe hanci da aka yi musamman don fesa irin wannan fenti, da tabarau da safar hannu, yara su yi nisa.

Mai sayar da kayan fenti:
Alhaji, in kwamfireson ya gaza akwai na rola, kamar Herculiner, wanda ba a haɗa shi da komai, danshin iska ke busar da shi. Yana da ɓarɓashin roba da ke kwanciya a gindin gwangwani, sai kana juyawa a kai a kai. Shafi biyu marasa kauri, na farko ko da tsohon fenti na leƙowa ba laifi. Sai dai rana na dusashe baƙinsa fiye da na fesawa.

Kowanne ka zaɓa, toshe ramukan kusoshi da na fitar ruwa da naɗaɗɗiyar takarda, ka rufe gilashin baya da gefen mota da jarida da salatef. Ciro salatef ɗin da zarar ka gama shafin ƙarshe, tun fentin na ɗanye; in ya bushe zai yago bakin aikin. Kada ruwa ya taɓa shi sai bayan kwana 3, buhun siminti kuwa sai ya cika mako.