Kawuna ya ce in raba rasit gida bakwai, hankalina bai kwanta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana don Allah.

Ina aiki a wurin sayar da motoci da babura na kawuna, ƙanin mahaifiyata, a nan Kano. Ni nake riƙe da littafi, ni nake yanka rasit. Wata biyu da suka wuce wani mutum ya zo ta hannun dillali ya sayi babura shida, ya biya kuɗi hannu. Ban kawo komai a raina ba. Shekaranjiya ya dawo yana son Hilux, aka daidaita a kan naira miliyan 32. Ya ce tsaba zai kawo a buhu, ba ya son tiransifa. Ya ce kuma a yanka rasit bakwai da sunaye daban-daban, kowanne ƙasa da miliyan biyar, takardun motar kuma a bar wurin suna, shi zai cike da kansa. Na tambaye shi katin ɗan ƙasa, ya yi dariya ya ce an san shi. Bai taya ba ma, yadda aka faɗa haka ya ce ya saya, abin da ban taɓa gani ba a shekara shida da nake wurin nan.

Kawu ya ce in yi yadda mutumin ya ce, kasuwa ta yi sanyi, kuma mu ba 'yan sanda ba ne. Kawu shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya yi mini aure. Ba na son in zama silar shigarsa matsala, kuma ba na son hannuna ya rubuta abin da zai je daji a kashe mutane da shi. Shin doka ta ɗora mana wani abu ne, ko aikin banki ne kawai? In na kai rahoto ban ci amanar Kawu ba? Ranar Asabar mutumin zai kawo kuɗin.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka rubuta rasit ɗin nan. Na yi shekara 11 a banki, a sashen da ke sa ido kan irin wannan, bari in faɗa maka abin da ke cikin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022.

Da farko, karɓar tsabar kuɗin ma kaɗai laifi ne. Dokar ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar da ta haura naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai dai ta banki. To ka ga dalilin da ya sa yake son kowane rasit ya tsaya ƙasa da miliyan biyar. Mutumin nan ya san dokar fiye da kai. Kuma dokar ta riga shi, domin ta ambaci daddatsa ciniki guda zuwa ƙanana don a kauce wa rahoto, ta haramta shi.

Batun cewa aikin banki ne kawai, a da ke nan mutane suke ɗauka haka. Dillalan motoci, masu harkar filaye da gidaje, masu sayar da gwal, otal-otal, akantoci, duk suna cikin waɗanda aka ɗora wa nauyi. Ofishin da ke kula da ku shi ne SCUML, yana ƙarƙashin EFCC. Duk cinikin da ya wuce dala 1,000 ko kwatankwacinta, wajibi ne ku ga shaidar mai saye, katin ɗan ƙasa ko lasisin tuƙi ko fasfo, ku rubuta, ku ajiye bayanin shekara 5. Cinikin da ya haura miliyan 5 ga mutum ɗaya ana kai rahotonsa cikin kwana 7, ko da mai sayen limamin unguwarku ne. Wanda kuma ya ba ku shakku, wannan NFIU ake kai wa, hukumar da ke tattara bayanan sirri kan harkar kuɗi, cikin awa 24, ko an kammala cinikin ko ba a kammala ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ba a ce sai kana da hujja ba. Bincike ba naka ba ne. Naka shi ne ka ce ga abin da na gani, ga dalilin da ya sa bai kwanta mini ba. Wanda ya kai rahoto da kyakkyawar niyya doka ta ba shi kariya, ba za a kai shi ƙara a kan haka ba ko da daga baya an gano mutumin ba shi da laifi.

Alhajin Ƙauye:
Ni fa ina ganin ana zafafawa. Mu da muke hulɗa da mutanen karkara mun sani, Bafillace zai sayar da shanu ashirin a kara ya zo da kuɗinsa a buhu, bai taɓa taka banki ba. Manomi ya sayar da waken suya haka. Garuruwa nawa ne babu banki ko ɗaya a ƙaramar hukumar gaba ɗaya? In duk wanda ya zo da tsaba za a kai sunansa hukuma, to an zalunci bayin Allah da yawa. Allah ma ya ce sashin zato zunubi ne.

Maman Iman:
Alhaji, gaskiyarka a kan mutanen karkara, mahaifina ma har ya koma ga Allah bai yarda da banki ba. Amma ka sake karanta abin da yaron nan ya rubuta. Wanda ya sayar da shanunsa, wallahi sai ya taya mota har ka gaji da shi, kuma sunansa yake so a rubuta ɓaro-ɓaro don kada wani ya ce tasa ce. Wannan bai taya ba, ya ƙi ba da kati, yana son sunaye bakwai da ba nasa ba, kuma babura shida ya fara saya. Ni 'yar Zamfara ce. Mun san abin da ake yi da babur a daji, mun san har cikin kuɗin fansa ana sa shi. Ƙanin mijina kwana 47 ya yi a hannun 'yan bindiga. Duk babur ɗin da aka shigo garinmu da shi, wani ne ya sayar, wani ne ya yanka rasit.

Malam Na Tudu:
Ayar da Alhaji ya kawo gaskiya ce, tana cikin Suratul Hujurat, amma zaton da aka hana shi ne wanda ba shi da madogara. Idan alamomi suka taru, malamai ba sa kiran wannan mummunan zato. A Suratul Ma'ida kuma an ce mu taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada mu taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Rubuta sunayen mutanen da ba su sayi komai ba shaidar zur ce, ko babu dokar gwamnati. Game da kawunka, ɗana, haƙƙinsa a kanka babba ne, amma babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci. Ka same shi a gida, ba a gaban yara ba, ka yi masa magana da ladabi. In da hali ka tafi da wani babba da yake jin nauyinsa.

Baban Khalifa:
Na manta abu biyu. Kada kai ko kawu ku nuna wa mutumin ko dillalinsa cewa ana shakkarsa ko za a kai rahoto. Dokar ta haramta tsegunta wa mai kuɗin, kuma don tsaron lafiyarku ma ya fi. Abin da za ku ce masa kawai: tsarinmu yanzu kuɗi ta banki, rasit ɗaya, sunan mai saye da katinsa. Wannan ba zargi ba ne, kowa haka ake gaya masa. In mai gaskiya ne, a raka shi banki ya zuba kuɗin da sunansa, magana ta ƙare, abin da Alhajin Ƙauye yake tsoro ma bai taso ba.

Na biyu, ka sanar da kawu cewa hukuncin halasta kuɗin haram ɗaurin shekara 4 zuwa 14 ne, ko tarar da ba ta gaza ninki biyar na kuɗin ba, ko duka biyun. Kuma "ban sani ba" ba ta fitar da mutum idan alamomin sun kai a ce ya kamata ya sani. In abin ya taɓa ta'addanci, akwai wata dokar daban, ita ma ta 2022, wadda ta fi wannan tsanani, har ɓoye bayani ta hukunta. Ranar da aka kama motar nan a daji, lambar injin za a bi, ta kawo su wurinku, a buɗe littafi a ga rubutun hannunka.

Ɗan Canji:
Mu 'yan canji mun ga darasi. A 2020 labari ya fito cewa kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Najeriya shida kan tura wa Boko Haram dala 782,000 daga Dubai. Tun daga nan duk mai hankali a cikinmu ya fara tambayar kati. Wasu kwastomomin sun gudu, to, Allah ya raka taki gona. Tambayata ita ce, wurinku yana da rajistar SCUML kuwa? Kyauta ake yi ta intanet, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan shi ne hanya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na je gidan Kawu tare da yayan mahaifiyata. Da farko ya yi fushi, ya ce na fara yi masa karatun boko. Da na karanta masa maganar Maman Iman sai ya yi shiru, domin akwai abokinsa da aka ɗauke a hanyar Birnin Gwari har yau ba labari. Ashe muna da takardar SCUML, banki ne ya sa aka yi lokacin buɗe asusun kamfani, tana cikin durowa, ba mu taɓa aika rahoto ko ɗaya ba.

Da safe Kawu da kansa ya kira dillalin ya ce kuɗi sai ta banki, rasit ɗaya. Dillalin ya ce zai kira, har yanzu shiru. Ni dai na rubuta ranakun, da lambobin injin baburan nan shida, da abin da mutumin ya nema. Baban Khalifa, don Allah duba saƙonka, ina so ka nuna mini yadda ake shigar da rahoton yau ɗin nan, tunda ka ce ko ba a kammala cinikin ba ana kaiwa.