Dawakin yaƙi na da, ya ake kula da su?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana tarihi ina da tambaya. Lifidin nan da ake sa wa dawaki a hawan sallah, da gaske da shi ake shiga yaƙi a da ko ado ne kawai? Kuma ya ake kula da dokin shi kansa, don ni dai in na ga nauyin kayan nan ga zafin rana wlh tausayin dabbar nake ji.

Bazazzagi:
Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ba ado ba ne, kayan yaƙi ne sosai. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Auduga ake cusawa a ɗinke ta da kauri don kibiya ta maƙale kafin ta kai fata, ka san kibiyar da dafi ake shafa mata, ko ƙwarzane ta yi an gama. Maganar kulawa kuwa ai doki dukiya ne, a gidan sarki har sarauta guda aka yi don barga wato Shamaki, ga Madawaki shugaban mahaya. Dawa da harawa da dusa da kanwa ba sa yankewa, akwai yaran da aikinsu kenan yankan ciyawa da wanke doki da share turke. A Borno ma matafiyin nan Leo Africanus ya rubuta cewa bayi 15 zuwa 20 ake bayarwa a karɓi doki ɗaya daga fataken arewacin Afirka.

Ummu_Khalil:
Malam gaskiya ne amma ni ban yarda tsada ita ce jin daɗi ba. Ka taɓa duba linzamin gargajiya da kyau? ƙarfe ne mai zobe da ke kama haɓa, in aka fizge shi a guje don a yi birki bakin dokin har jini yake yi, ga ƙaimi a ciki. Kuma 'yan baka dokin suke fara nema ba mahayin ba, tunda in doki ya faɗi ɗan lifidi ba ya iya tashi da kansa saboda nauyi. Wani lokacin kibiya mai wuta ake harbawa audugar ta kama, ka yi tunanin dabbar da aka ɗaure mata wuta a jiki ba ta da hanyar cirewa. Ni abin yana taɓa min zuciya.

Bagobiri77:
Hajiya kin faɗi gaskiya. A yaƙin Tafkin Kwatto 1804 Sarkin Gobir Yunfa ne ke da tarin dawaki da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Ɗan Fodiyo dawakinsu kaɗan ne, amma 'yan baka suka ci yaƙin. Sannan akwai abin da ya fi kibiya kashe su wato ƙudan tsando, shi ya sa da rani ake fita yaƙi kuma mahaya ba sa iya nisa cikin kurmin kudu, Oyo ma kullum sai ta sake sayen dawaki daga arewa don nata ba sa daɗewa.

Ɗan_Fagge:
Na gode ƙwarai. To da Turawa suka zo fa, lifidin ya yi wani amfani?

Bazazzagi:
Ina, auduga ba ta tare harsashi. A Kwatarkwashi 1903 mahayan Kano sun yi ta sukuwa kan sojojin Ingila ana zubar da su da dawakinsu tun kafin su iso, a nan Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. Haka aka yi a Giginya a Sakkwato cikin Maris na shekarar, can har da bindiga mai ruwa. Allah ya jiƙansu.