Fentin ƙofata yana ɓarewa, biki saura kwana 9

Uwargida, unguwar Zariya a Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa, ku taimake ni. Ƙofar ɗakina ta katako ce, marigayi mahaifina ya sa aka yi mini ita lokacin aurena. Mun tashi gida sau biyu, ban yarda an bar ta ba, har da maigida muka yi faɗa kanta. Yanzu zan aurar da 'yata, dangin ango daga Tasawa za su zo. Shekaranjiya na shafa mata shuɗin fenti, yau na sa farce sai ya taso kamar ɓawon albasa. Ƙasanta kuma ya kumbura, sai na sa kafaɗa take rufuwa. Ko barci ban yi ba.

Tsohon kafinta, Mokoyo: Hajiya, wane fenti kika sa? Kin goge tsohon?

Uwargida: Ragowar na bango ne. Na dai wanke ta da sabulu tas.

Tsohon kafinta: To ga matsalar nan. Na bango fentin ruwa ne, ba ya kama tsohon fentin mai mai sheƙi da ke jikin ƙofar. Cire ƙofar, kwantar da ita a inuwa, kankare sabon duka. Goge tsohon da samfefa har sheƙin ya mutu, amma jiƙa shi tukuna, tsohon fenti kan zo da dalma, kada yara su shaƙi ƙurar. Sannan fentin mai, shafi biyu marasa kauri, kwana guda tsakani. Ƙasan nan ruwan damina ya sha, a fere shi a shafe.

Ƙanwarku daga Bagalam: Yaya, gara ke. Ni mai fenti ya karɓi jikka 15, ya yi rabin zaure ya ɓace, wayarsa kullum a kashe.

Wani ɗan Sabon Gari: Katako a garin nan? Gara za ta cinye. Sa ta ƙarfe ki huta.

Tsohon kafinta: Ta ƙarfe a watan Afrilu, zafi ya haura 40, taɓa ta ka ji. Hajiya, yi yadda na ce.

Uwargida: Baba, ba zan cire ta ba, in ta ƙi komawa fa? Kuma fentin nan mai kyau ne, bangon bai ɓare ba. In na ƙara shafi ɗaya a kai ba zai riƙe har bayan biki ba?

Ƙanwarku: Rataya labule kawai, Yaya.

Uwargida: Labule a kan ƙofar mahaifina?