Yaranmu da suka tashi da Broka, ya kuke fama da Turancin makaranta?

Mai shayi, Warri: Salamu alaikum yan uwa. Shekarata 16 a nan, yarana duk nan suka tashi, Hausa sai a cikin gida, da sun leƙa waje Broka ce har dare. Babban ya ci lissafi da kyau a WAEC amma Turanci ya kayar da shi sau biyu, kuma ba kiredit a Turanci ba jami'a. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Malamar firamare, Fatakwal: Wa'alaikumus salam Malam. Wallahi yaronka ba daƙiƙi ba ne, kullum ina gani a ajina. Broka tana da ƙa'idarta, "I don chop" na ci, "I dey chop" ina ci, "I go chop" zan ci, kalmar aikin ba ta motsi kamar dai Hausarmu, shi ya sa -ed da -s ɗin nan suke zubewa idan ya zo rubutu. Kuma abin da ya fi wuya, ɗan Kano ya san baƙon yare yake koyo, shi kuwa ɗan Warri gani yake ai Turanci yake yi tun yana goye tunda kalmomin kusan ɗaya ne. Ni allo nake rabawa biyu, su faɗa da Broka mu juya tare, sun fi kamawa nesa ba kusa ba.

Maman yara, Bamenda: Mu nan tara ake cin su in sun yi Pidgin, wato Broka, a aji. Yarinyata sai ta daina magana gaba ɗaya, wata uku! Sannan gwajin shiga wata makaranta aka kawo musu labarin dusar ƙanƙara, yarinyar da ko a mafarki ba ta gani ba, to Turancinta aka gwada ko yawon duniya?

Anti, Landan: Yar uwa wannan tsohon ciwo ne. A 1971 Bernard Coard, wani malami ɗan ƙasar Grenada, ya rubuta yadda ake tura yaran Karibiyan makarantun masu raunin ƙwaƙwalwa a Ingila bisa gwajin basirar da ba da yarensu ko al'adarsu aka tsara ba. Maƙwabcina ɗan Jamaika yana cikinsu, har yau in ya tuna idonsa kawo ruwa yake.

Mai shayi, Warri: Malama don Allah wannan raba allon, zai yi wa ɗan shekara 18 ko an makara? Zai sake zama baɗi insha Allah.